DANDALIN GEM: Kwamfuta Ko PS, Wanne Ya Fi Daɗi?

Gardama uku ce ba ta ƙarewa a majalisar samari. Akwai ta 'yan Arsenal da 'yan Manchester. Akwai ta masoyan Shah Rukh Khan da na Salman Khan. Sai kuma ta baya-bayan nan, wadda ta fi sauran zafi saboda ita da kuɗi a cikinta: shin buga gem a kwamfuta ya fi daɗi, ko kuwa a akwatin gem irin su PlayStation, wadda kowa ya fi sani da PS? Yaron da ya shekara yana zubin adashe, ko wanda ya sha wuya kafin ya shawo kan Baba ya amince, ba zai so ya kwashi kuɗin nan ya kai inda zai dawo yana cizon yatsa ba.

Wani zai ce, to me kuma ya kawo zancen gem cikin mujallar fim? Ai tuni gem da fim suka zama Ɗanjuma da Ɗanjummai. Tun a 1995 aka mayar da gem ɗin Mortal Kombat fim. A 2001 Angelina Jolie ta fito a matsayin Lara Croft, jarumar gem ɗin Tomb Raider. Fim ɗin Super Mario na 2023 ya tara sama da dala biliyan 1.3 a gidajen silima, shi kuma na Minecraft ya haura dala miliyan 900 a 2025. Can Indiya ma haka abin yake. Da fim ɗin Ghajini na Aamir Khan ya fito a 2008, an yi masa gem na kwamfuta. Da Shah Rukh Khan ya yi Ra.One a 2011, labarin mai ƙera gem ɗin da mugun da ya ƙirƙira ya ɓalle ya fito duniya, shi kuma gem ɗinsa a PlayStation aka sake shi. Wato har manyan Bombay sun rabu biyu a kan wannan magana.

Mai kallon fim zai fi saurin gane bambancin idan aka kwatanta masa da abin da ya sani. Akwatin gem tamkar gidan silima ne: a biya, a shiga, a zauna, a sha kallo. Kwamfuta kuwa ɗakin tace fim ce: komai yana hannun mai ita, amma fa sai ya iya. Duk sauran bayanin da zai biyo baya a kan wannan yake tafiya.

YADDA PS TA CINYE UNGUWA

Kamfanin Sony na Japan ya fito da PlayStation ta farko a watan Disamba na 1994. PS2 ta biyo baya a watan Maris na 2000, kuma ita ce ta yi tashen da har yau ba a manta ba, domin an sayar da sama da miliyan 160. Wani sirrin nasararta ya shafi 'yan kallo kai tsaye: tana cin faifan DVD. Wanda ya saye ta ya samu na'urar gem, ya kuma samu na'urar kallon fim a akwati guda.

A nan ƙasar Hausa kuwa, gidan gem ne ya yi wa PS talla. Daga Kano zuwa Kaduna, daga Jos zuwa Maraɗi, tsarin ɗaya ne: shago ko zaure, talabijin a jere, benci, ƙaramin janareta yana ruri a ƙofa, ga yara sun yi cincirindo a bayan masu bugawa. Dokar ma kowa ya san ta: wanda aka ci shi zai biya, ko kuma ya miƙa hannun gem ga na bayansa ya koma layi. Winning Eleven na kamfanin Konami shi ne sarki a lokacin, da mai sharhinsa da ke ihu da Japananci, yara suna kwaikwayonsa ba tare da sun san abin da yake faɗa ba. Tsofaffin hannu har gobe suna ba da labarin yadda ake ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba saboda gudu, da yadda Tijjani Babangida, ɗan Kaduna, yake wuce masu tsaron baya kamar iska. Wasu a duniya ma a cikin gem ɗin suka fara jin sunansa.

To a nan ne daɗin PS yake. Ba a hoto yake ba, a taro yake. Hannu biyu, talabijin ɗaya, abokin hamayya a gefe kafaɗa na gugar kafaɗa. In aka zura masa ƙwallo ana kallon fuskarsa. Sai a ji ana, "Kai malam, hannun nan ne ba shi da kyau!" 'Yan kallo su kwashe da dariya, wani ya ce, "To a musanya mana mu gani." A musanya, a sake lallasa shi. Wannan nishaɗin ba ya cikin faifai, kuma babu kamfanin da ke sayar da shi.

A SAKA, A KUNNA, A BUGA

Abu na biyu da masu PS ke taƙama da shi shi ne rashin wahala. A jona waya, a saka faifai, shi ke nan. Duk PS5 da ke duniya kayan cikinta kusan iri ɗaya ne, saboda haka masu ƙera gem sun san ainihin na'urar da suke yi wa aiki, kamar telan da ya auna mutum kafin ya yanka yadi. Duk gem ɗin da aka rubuta PS5 a jikin kwalinsa zai yi aiki. Babu tambayar ko ƙarfin na'urar ya kai.

Ga kuma tsawon rai. PS2 ta fito a 2000, amma har 2013 ana yi mata sabon FIFA da sabon PES. PS4 ta zo a 2013, kuma har 2025 kamfanin EA bai daina fitar mata da gem ɗinsa na ƙwallo ba, wanda ya koma EA Sports FC tun da suka raba gari da hukumar FIFA a 2023. Saye ɗaya, shekara goma sha ana mora.

Sannan akwai gem ɗin da masu akwati ke riga kowa ɗanɗanawa. GTA V ya fito a PS3 da Xbox 360 a watan Satumba na 2013, 'yan kwamfuta ba su gan shi ba sai Afrilu na 2015. Red Dead Redemption na 2010, mai kama da finafinan kaboyi, sai 2024 ya iso kwamfuta. Shekara 14 kenan ana jira! Ko da aka saki tallar GTA VI ta farko a Disamba 2023, PS5 da Xbox kawai kamfanin Rockstar ya ambata. Ita kuwa Nintendo, mai su Mario da Zelda, manyan gem ɗinta a na'urarta take tsare su. Gaskiya ne Sony ta sassauta, ta kai God of War da Spider-Man kwamfuta a 2022, amma bayan masu PS sun ci sun ƙoshi.

Wani ƙarin alheri shi ne faifai. Ana aronsa, ana musanya shi, ana sayar da shi in an gama, kamar dai yadda aka yi zamanin hayar kaset ɗin bidiyo. Sai dai a lura, akwai samfurin PS5 da ba shi da wurin saka faifai sam. Wanda ya sayi wannan ya fita daga kasuwar aro.

ABIN DA 'YAN KWAMFUTA KE GANI

To amma fa, duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta mai ƙarfi ya san akwai wata duniyar. Farko dai hoto. 'Yan fim sun san cewa fim hotuna 24 ne ke wucewa a daƙiƙa guda. Gem a akwati yawanci 30 ne ko 60, wasu kan kai 120 a PS5 in talabijin ɗin ta iya ɗauka. A kwamfuta kuwa ana wuce 144, gwargwadon ƙarfin katin hoto da allon da aka haɗa. Abin yana tafiya sumul kamar an zuba masa mai. Kuma mai ita ne ke zaɓa: ya ƙara kyan inuwa da haske, ko ya rage su don gudun ya ƙaru. Kamar mai ɗaukar hoto ne da ke saita kyamararsa da kansa.

Na biyu, kibod da maus. A gem ɗin harbi, saiti da maus ya fi saiti da babban yatsa daidaito nesa ba kusa ba, shi ya sa masu ƙera gem ke sanya wa masu hannun gem wani ɗan taimakon saiti a ɓoye don kar a bar su a baya. Gem na dabarun yaƙi da na gina birni ma sun fi zama daidai a kibod. Wanda kuma ya saba da hannun PS bai yi asara ba, domin ana jona shi a kwamfuta ya yi aiki. Har ƙwallon mutum biyu ana bugawa, a haɗa kwamfutar da talabijin ɗin falo.

Na uku, kuma shi ne babba: kwaskwarima. A kwamfuta, mai gem yana iya buɗe cikin gem ɗin ya canja shi. A ƙara ƙungiyoyin ƙwallon da kamfani bai saka ba, a sauya riguna da filaye da fuskokin 'yan wasa, a ƙirƙiro sabon gari sukutum. Kar a ɗauka wasan yara ne. A 1999 wasu ɗalibai biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa gem ɗin Half-Life kwaskwarima suka fitar da Counter-Strike. Kamfanin Valve ya saye aikin, ya kuma ɗauke su aiki. Dota ma haka ya faro a 2003, daga kwaskwarimar Warcraft III, har ta kai gasar Dota 2 ta 2021 an raba kyautar sama da dala miliyan 40. Shi kansa PUBG da ya hana samari barci a waya, asalinsa wani ɗan ƙasar Ailan ne, Brendan Greene, yake yi wa gem ɗin Arma kwaskwarima a kwamfutarsa, kuma daga wani fim ɗin Japan na 2000 mai suna Battle Royale ya samo tunanin. Daga fim zuwa kwamfuta, daga kwamfuta zuwa aljihun kowa. Akwatin gem ma yana barin kwaskwarima a wasu gem ɗin 'yan kaɗan, amma iya abin da kamfani ya yarda.

Na huɗu, kwamfuta ba ta yar da tsohon zuma. Gem ɗin da aka saya shekara 20 da suka wuce, da yawa har yanzu suna tashi a sabuwar kwamfuta. Shagon Steam, wanda Valve ta buɗe a intanet a 2003, ya zama babbar kasuwar gem ta kwamfuta, inda a watan Maris na 2025 aka samu mutum sama da miliyan 40 a kansa a lokaci guda. Sau da yawa a shekara sukan karya farashi warwas. Wanda ya sayi gem bai yi masa ba, in bai wuce kwana 14 ba kuma bai buga awa 2 ba, yana iya neman a mayar masa da kuɗinsa. Kishiyarsa, shagon Epic da aka buɗe a 2018, ya shahara da rabon gem kyauta, har GTA V ya taɓa bayarwa a banza a watan Mayu na 2020.

LISSAFIN DA BA A FAƊA A SHAGO

Yanzu a zo kan aljihu. PS5 ta fito a Nuwamba 2020 a kan dala 499, marar faifai kuma dala 399. Maimakon ta sauko kamar yadda aka saba gani a da, sai ma Sony ta ƙara dala 50 a Amurka a watan Agusta na 2025. Duk da haka, da wuya a haɗa sabuwar kwamfuta mai ƙarfin PS5 a wannan kuɗin. Dalili kuwa, kamfanonin akwati ba daga na'urar suke cin babbar riba ba. Sukan sayar da ita da ɗan sauƙi, su fanshe a kan gem da kuɗin rajista. Tun daga PS4, yawancin gem na saye sai mutum ya biya PlayStation Plus kafin ya buga da wasu ta intanet. A kwamfuta galibi babu wannan harajin. Saboda haka PS araha ce ranar saye, tsada a hankali. Kwamfuta kuwa dukan farko ne mai zafi, daga baya ta sassauta. Kuma tunda duk da dala ake lissafin, faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta taɓa kowane ɓangare.

Sai maganar wuta, wadda Bature mai rubuta sharhin gem bai san da ita ba. PS5 tana shan wajen wat 200 in ana bugawa. Katin hoto na RTX 4090 shi kaɗai wat 450 aka rubuta masa, ban da sauran kayan cikin kwamfutar, ban da allo. Ƙaramin janareta ko 'yar solar gida za su ji a jikinsu. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, duk awa guda ta gem a kan janareta kuɗi ce tsagwaronta. A nan laftof ta yi wa kowa zarra. In aka ɗauke wuta ana tsaka da wasa, PS da kwamfutar tebur sai dai salati, abin da ba a adana ba ya tafi. Laftof kuwa batirinta zai riƙe. Ba ya jimawa in gem mai nauyi ne, amma ya isa a kammala wasan a adana.

Data ma abar dubawa ce. Manyan gem na yanzu wasu sun haura gigabait 100, ga sabuntawa da ba ta ƙarewa. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta Nijeriya ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Mai faifan PS ya ɗan huta, ko da yake shi ma sabuntawar ba ta ƙyale shi ba. Mai kwamfuta kusan komai sai ya sauke.

Zafi da ƙura kuwa ba su san sunan kamfani ba. Ko a ƙasashen sanyi, matsalar da ta riƙa kashe Xbox 360, wadda ake gane ta da jajayen fitilu uku, sai da ta sa Microsoft ta ware sama da dala biliyan 1 a 2007 don gyara. Ina ga ɗakin da rana ta kwana tana dukan kwanonsa a watan Afrilu, ko ƙurar hunturu ta toshe wa fanka hanci? A nan kwamfutar tebur ta fi sauƙin sha'ani: a kwance murfi, a hure ƙura, in wani abu ya mutu a canja shi shi kaɗai.

KOWANE ALLAZI DA NASA AMANU

Kar 'yan kwamfuta su yi saurin tafi. Tunda kwamfutoci iri-iri ne babu iyaka, wani lokaci gem kan fito a gurguje ya ƙi zama lafiya. A 2015 sai da aka dakatar da sayar da Batman: Arkham Knight na kwamfuta saboda sarƙewa. The Last of Us, wanda aka yi shirinsa mai dogon zango a 2023, da ya iso kwamfuta a watan Maris na shekarar ya sha tsinuwa kafin a gyara shi. Mutum ya dawo gida da ɗokin bugawa, ya ƙare yana neman dalilin da ya sa allo ya yi baƙi. Ga 'yan maguɗi: a wasan intanet sun fi yawa a kwamfuta, tunda ƙofar da ake shiga a yi kwaskwarima ita ce ɓarawo ke bi.

Masu PS su ma sun ɗanɗana. Cyberpunk 2077, wanda Keanu Reeves ya fito a ciki, ya yi muni a PS4 har Sony ta cire shi daga shagonta a Disamba 2020, bai dawo ba sai Yunin 2021, alhali masu kwamfuta mai ƙarfi suna ta shan shagalinsu.

Akwai kuma wata magana da ya kamata 'yan fim su fi kowa ganewa. Da yawa in suka ce kwamfuta ta fi araha, gem na sata suke nufi, wanda ake turawa a shago kamar yadda ake tura fim a waya. Masana'antar finafinan Hausa ta san abin da satar fasaha ta yi mata. Ban da haƙƙin masu shi, irin waɗannan kwafin su ne babbar hanyar da bairos ke shiga kwamfuta, ya sace lambobin sirri ko ya lalata aiki. A garin neman gira a rasa ido. Gem na kyauta na halak suna nan da yawa: eFootball, wanda shi ne tsohon PES da ya canja suna a 2021, da Fortnite, da Counter-Strike 2, da Dota 2.

INDA ABIN YA SHAFI ƊAN FIM

Ga mai karatun da burinsa bai tsaya a kallo ba, wanda yake mafarkin wata rana sunansa ya fito a ƙarshen fim, a nan ne ma'auni ya rinjaya. Tun daga PS4 na 2013, kayan cikin PlayStation na kamfanin AMD ne, dangin waɗanda ke cikin kwamfuta. Wato PS kwamfuta ce da aka kulle, aka ce gem da kallo kawai za ta yi. Ita kuwa kwamfutar gem, katin hoton da ke zana filin ƙwallo shi ne dai ke ɗaukar nauyin tace fim, da gyaran launi, da siddabarun hoto. Duk wanda ya leƙa ɗakunan tace finafinai na Zoo Road a Kano ya san ba PS ake girkewa a kan teburin edita ba.

Kayan aikin ma wasu kyauta ne. DaVinci Resolve, manhajar da ake gyara launin manyan finafinai da ita, tana da samfurin da ba a biyan ko sisi. Blender kyauta ce gaba ɗaya, kuma da ita Gints Zilbalodis na ƙasar Latbiya ya yi fim ɗin zane mai suna Flow, labarin wata kyanwa a cikin ambaliya, wanda ya doke na manyan kamfanonin Amurka ya ci kyautar Oscar a 2025. Unreal Engine, injin da aka gina Fortnite da shi, an yi amfani da shi wajen zana duwatsu da saharar da ke bayan 'yan wasa a shirin The Mandalorian na 2019, a kan manyan alluna, ba tare da an je lokeshin ba.

Hatta cikin gem ɗin akwai makarantar darakta. GTA V na kwamfuta ya zo a 2015 da wani sashe mai suna Rockstar Editor, inda mutum zai naɗi abin da ya buga, ya dasa kyamara inda ya so, ya yanka, ya haɗa, ya sa kiɗa. Daga baya an kai shi PS4 da Xbox One, amma a kwamfuta ne ake fitar da hoton a wuce da shi manhajar tacewa a ɗora murya. Yaron da ba shi da kuɗin hayar kyamara yana iya koyon bambancin hoton nesa da na kusa a nan, ya kifar da mota goma ba tare da furodusa ya yi kuka ba.

Ƙofar sayarwa ma a buɗe take. Tun 2017, dala 100 ake biya a saka gem a Steam. A maƙwabciya Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na birnin Yawunde ya fitar da Aurion a kwamfuta a 2016, gem mai labari da sutura irin na Afirka. Babu abin da ya hana wata rana a ga na Bayajidda ko na Sarauniya Amina, sai rashin wanda zai zauna ya koya.

TO WANNE ZA A SAYA?

Gidan da ke da ƙanne da abokai masu zuwa kullum, inda ƙwallo da dambe ne abin bugawa, kuma babu mai haƙurin gyare-gyare, PS ce daidai da su. Ko PS4 ta hannu ma ta wadatar. A dai gwada ta a shago ta yi ɗan lokaci tana aiki, a saurari ƙarar fankarta, a duba sandunan hannun ko suna tafiya da kansu. Mai niyyar buɗe gidan gem shi ma PS ce tasa, domin kwastoma ba ya jiran a saita masa komai.

Amma saurayi ko budurwar da kuɗin na'ura ɗaya tal gare su, kuma suna da karatu ko sha'awar aikin fim, kwamfuta ce ta fi musu. Ita ce za a kai wa Baba a ce ta karatu ce, kuma ba a yi ƙarya ba. Sai dai a shiga kasuwa da ido biyu, ko Beirut Road ce a Kano ko Computer Village a Ikeja. Kar a ruɗu da jin "Core i7 ce, Alhaji!" A tambayi zubi na nawa ce, domin i7 ta shekara goma baya ba ta kamo i5 ta yanzu ba. A tambayi katin hoto: in babu na Nvidia ko AMD mai zaman kansa, laftof ɗin ofis ce, manyan gem ba za su tashi da kyau ba. RAM ya kai gigabait 16, ma'ajiyar ta zama SSD. A tabbatar tana ɗaukar Windows 11, tunda Microsoft ta janye tallafin yau da kullum daga Windows 10 a watan Oktoba na 2025. Kuma a sa mai shago ya kunna gem a gaban mai saye. Sayen kifi a ruwa ba na mai adashe ba ne.

Abu biyu ne ba ruwansu da wacce aka zaɓa. Gem ma yana da shekarun kallo kamar fim: lamba 18 da ke jikin kwalin GTA ba ado ba ce, bai kamata a miƙa wa ƙanin da ke firamare ba. Sannan lokaci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da saka jarabar gem cikin jerin cututtuka, ga wanda abin ya fi ƙarfinsa har ya ture masa karatu da aiki da barci. Wanda ya kwana yana cin kofin Turai a talabijin ya wayi gari ya faɗi jarrabawa, ba kwamfuta ba ce ta ci shi, ba kuma PS ba.

Masu ra'ayi a kan wannan gardama, 'yan PS da 'yan kwamfuta duka, fili a buɗe yake, a aiko da wasiƙu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.